Tagulla, Azurfa ko Zinariya: Wace Inshorar Lafiya Ta Dace da Mai Sana'ar Kansa a Amurka?

Duk shekara idan Nuwamba ta kama, teburin cin abincinmu sai ya koma ofis. Bayan sallar isha'i 'yan'uwa kan shigo da takardun haraji a cikin leda: wannan direban Uber ne, wancan mai tirela, ga Hajiya mai shagon kitso, kowa da tambaya iri ɗaya, "Wanne ya fi araha?" Ni ba dillalin inshora ba ne. Sana'ata tura motoci da kaya zuwa Kwatano da Legas, kuma ina zaune da iyalina a gundumar Gwinnett, bayan garin Atlanta a jihar Jojiya. Abin da na sani a wannan harka aljihuna ne ya koya mini, shi ya sa ba na amsa tambayar yadda aka yi ta. Ga wanda ba shi da ubangidan da ke biya masa inshora, kuɗin da ake cira duk wata shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya duba. Na farko shi ne ribar da zai samu a shekara, na biyu kuma asibitin da zai nufa idan ciwo ya tashi da tsakar dare.

Tsarin da muke magana a kai shi ne wanda kowa ke kira Obamacare, dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010, aka fara cin moriyar kasuwar sayen inshorar lafiya da ta kafa a Janairun 2014. Yawancin jihohi suna shiga ta shafin HealthCare.gov, wasu kuma suna da nasu: NY State of Health a Niyok, Maryland Health Connection a Merilan, Pennie a Fensilbaniya, mu kuma a nan Georgia Access tun ƙarshen 2024. Ko ta wace ƙofa ka shiga, abubuwa biyu ba sa canzawa. Kamfani ba shi da ikon ƙin karɓarka ko ƙara maka kuɗi don kana da hawan jini, ciwon suga ko sikila. Sannan dole kowane tsari ya ɗauki nauyin haihuwa, magunguna, kwanciya asibiti, gaggawa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Haƙori da tabarau na yara suna cikin abin da doka ta tanada, na manya kuwa sai dai ka saya daban.

Kafin kwatance, sai mun fahimci hanyoyi huɗu da kuɗi ke bi ya fita daga aljihunka. Akwai kuɗin wata, wanda za ka biya ko ka yi ciwo ko ba ka yi ba. Akwai abin da mutanenmu ke kira didoktibul, ni kuwa nake ce masa kuɗin share fage: adadin da za ka fara kashewa da kanka a shekara kafin kamfani ya sa hannu a manyan abubuwa. Akwai ɗan abin da ake karɓa a bakin taga duk ranar ganin likita, kamar kuɗin kati a asibitocin gida, ko kuma wani kaso na lissafin da ake bar maka bayan ka share fagen. Na huɗu shi ne rufin shekara, iyakar da idan ka kai ta kamfani zai ɗauki sauran gaba ɗaya. A 2026 doka ta ce rufin nan kada ya wuce dala 10,600 ga mutum ɗaya, 21,200 ga iyali. Ka riƙe wannan lamba, domin ita ce amsar "idan abu ya ɓaci, nawa zan yi asara?"

An raba tsare-tsaren gida huɗu da sunayen ƙarafa. A shafin za ka ga an rubuta Bronze, Silver, Gold da Platinum, wato Tagulla, Azurfa, Zinariya da kuma na ƙarshen da ba kasafai ake samunsa a kowace gunduma ba. Tagulla tana ɗaukar kimanin kashi 60 cikin 100 na kuɗin jinyar jama'ar da ke cikinta, Azurfa 70, Zinariya 80, Platinum 90. Sunan ƙarfen bai da alaƙa da ƙwarewar likita. Likita ɗaya ne zai duba mai Tagulla da mai Zinariya, bambancin kawai wa zai biya.

Yanzu ga inda kan mutane ke ɗaurewa, wato tallafin da gwamnati ke bayarwa a kan kuɗin wata. Gwamnati ba ta cewa "ga dala kaza mun ba kowa." Tana duba abin da gidanka zai samu a shekarar da ke tafe, ta auna shi da layin talauci na tarayya, ta ce kaso kaza na samunka shi ne naka. Daga nan sai ta ɗauki farashin Azurfa ta biyu a araha a yankinka, wadda nake kira Azurfar ma'auni, ta cire naka kason, abin da ya rage shi ne tallafinka. Kana da damar ɗaukar wannan tallafi ka ɗora a kan kowane ƙarfe. Layin talaucin da aka yi amfani da shi a inshorar 2026 shi ne dala 15,650 ga mutum ɗaya, ana ƙara 5,500 a kan kowane mutum, wato 32,150 ga gida mai mutum huɗu. Kason da ake bar maka yana farawa daga kashi 2.10 ga masu ƙaramin ƙarfi, ya hau har kashi 9.96 ga wanda samunsa ke tsakanin ninki uku da ninki huɗu na layin. Daga 2021 zuwa 2025 an yi sassauci: kason bai wuce 8.5 ba, kuma ba a yanke kowa don ya haura ninki huɗu. Wa'adin sassaucin ya ƙare a ƙarshen 2025, bayan rigimar da ta rufe gwamnatin tarayya kwana 43 a kakar shekarar. Shi ya sa duk shawarar da wani ya ba ka bisa abin da ya biya a 2023, ka saurare ta da girmamawa amma ka sake lissafi.

Bari in kawo maƙwabcina, mutumin Maraɗi, mai tirelar kansa, da mata da yara biyu. Ya zauna ya juya kwamfutar wajena yana murna.

"Yaya, ka ga wannan? Dala ashirin kacal a wata. Me zai sa in biya ɗari biyu da hamsin?"

Na ce, "Malam, gangara ƙasa ka karanta mini layi na biyu."

Ya karanta, ya yi shiru. Kuɗin share fagen Tagullar ya haura dala 7,000 a kan kowane mutum.

Ribarsa bayan cire mai, gyara, tayoyi da inshorar mota ta kama wajen dala 56,000, wato kusan ninki ɗaya da kashi uku cikin huɗu na layin talauci. A wannan mataki nasa kason yana kusa da dala 250 a wata. Yaran ba sa cikin lissafin farashi, domin sun cancanci shirin yara na jiha, wanda a Jojiya ake kira PeachCare for Kids. Don sauƙin misali, mu ɗauka Azurfar ma'auni ta shi da matarsa dala 1,100 ce a wata. Tallafinsa ya zama 850. Idan ya ɗora a kan Tagulla mai farashin 870, zai biya 20. Idan ya ɗora a kan Zinariya mai 1,250, zai biya 400. Wanda ya kalli waɗannan lambobi uku kawai zai ɗauki Tagulla ya tafi, ya ce ya tsira da dala 2,760 a shekara.

Abin da bai sani ba shi ne akwai tallafi na biyu, kuma ba a samunsa sai a cikin Azurfa. Duk gidan da samunsa bai wuce ninki biyu da rabi na layin talauci ba, ana ƙara wa Azurfarsa ƙarfi ba tare da an ƙara masa kuɗin wata ba. Wanda bai wuce ninki ɗaya da rabi ba, Azurfarsa tana ɗaukar kashi 94. Daga nan zuwa ninki biyu, kashi 87. Daga ninki biyu zuwa biyu da rabi, kashi 73. Ka lura da kyau: 87 ya fi Zinariya, 94 ya fi Platinum. Ga wanda bai wuce ninki biyu ba, rufin shekara a 2026 yana sauka daga 10,600 zuwa 3,500 ko ƙasa da haka, kuɗin share fage kuma sau da yawa bai kai dala dubu ba. Maƙwabcin nan nawa yana shan maganin hawan jini, matarsa kuma ba ta gama haihuwa ba. Kwanciya ɗaya a asibiti za ta cinye abin da ya tara na shekara biyu a Tagulla. A ganina, duk wanda samunsa bai kai ninki biyu ba ya ɗauki Azurfa, ko da jikinsa garau yake. Barin ta daidai yake da a ba ka buhun shinkafa kyauta ka ce kwano ɗaya ya ishe ka. Zinariya kuwa a wannan mataki asara ce zalla, ka biya fiye ka samu ƙasa.

Tsakanin ninki biyu da biyu da rabi ƙarin ba shi da yawa, daga 70 zuwa 73 ne kawai, don haka a nan sai an zauna an kwatanta da Zinariya.

Da zarar ka haura ninki biyu da rabi, labari ya juya, Azurfa ta zama wadda ta fi kowa rashin riba a wurare da yawa. Dalilin yana da tarihi. A Oktoban 2017 gwamnatin tarayya ta daina biyan kamfanoni kuɗin wancan ƙarin ƙarfi, alhali doka ba ta ɗauke musu wajibcin bayar da shi ba. Sai kamfanonin suka ɗora kuɗin a kan farashin Azurfa. Tun da da farashin Azurfa ake auna tallafi, sai tallafin ya kumbura, Tagulla ta koma kusan kyauta ga wasu, Zinariya kuma a jihohi irin su Teksas da Merilan takan zo daidai da Azurfa ko ma ƙasa da ita. Mai matsakaicin samu da ya ɗauki Azurfa yana biyan kuɗin wani alheri da ba shi zai ci ba. Ga irinsa, zaɓin na gaskiya tsakanin Tagulla ne da Zinariya.

Yadda nake raba gardamar a takarda ba shi da wuya. Kowane tsari ina fitar masa da lamba biyu: kuɗin wata sau goma sha biyu, wannan ita ce shekarar lafiya, sai in ƙara rufin shekara a kai, wannan ita ce shekarar jarrabawa. Sannan in tambayi mutum abu ɗaya: idan yau aka ce ka kawo dala dubu bakwai, kana da su a ajiye, ba a cikin kaya ba, ba a hannun abokin ciniki ba, ba a kwantena a kan teku ba? Mu 'yan kasuwa kuɗinmu kullum yana kan hanya. Wanda ya amsa e, kuma shekara takan zagayo bai ga likita ba sai don duba lafiya, Tagulla ta dace da shi. Wanda yake allurar insulin, ko matarsa na da juna biyu, ko akwai aikin gwiwa da likita ya riga ya ambata, ko yaro mai asma, ya ɗauki Zinariya, domin ya san zai kashe kuɗin, gara ya raba shi wata-wata a kan a ɗora masa lokaci guda a watan Fabrairu.

Tagulla ta samu wani ƙarin daraja daga Janairun 2026. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ba duk mai Tagulla ta kasuwar gwamnati damar buɗe asusun ajiyar jinya da ake kira HSA. A 2026 mutum ɗaya na iya zuba har dala 4,400, iyali 8,750, wanda ya kai shekara 55 kuma ya ƙara 1,000. Kuɗin naka ne, ba ya ƙonewa a ƙarshen shekara, ba a cire masa haraji idan jinya ka yi da shi, har haƙori da tabarau. Amfaninsa mafi girma ga mai sana'ar kansa shi ne yana rage samun da ake auna tallafi da shi. Amma Tagulla da asusun da ba a zuba masa komai ba rumbu ne babu hatsi. Kuma a kowane ƙarfe, duba lafiya na shekara, alluran rigakafi da gwajin wasu cututtukan daji kyauta ne idan likitan yana cikin jerin waɗanda kamfani ya yi yarjejeniya da su. Sai dai a kula: idan ka je duba lafiyar kyauta ka ɓige da labarin ciwon bayan da ya dame ka, likita na iya rubuta ziyarar a matsayin jinya, lissafi ya biyo ka gida.

Yanzu sai batun samu, wanda shi ne zuciyar maganar. Ma'aikacin kamfani ya san albashinsa tun Janairu. Mu kuwa ana tambayarmu a Nuwamba abin da za mu samu har Disambar baɗi. Abin da ake so ba jimlar kuɗin da suka shiga asusunka ba ne. Riba ce bayan cire ɗawainiyar sana'a, sannan a cire rabin harajin mai sana'ar kansa, da abin da ka zuba a asusun fansho irin SEP IRA, da na HSA, da kuɗin inshorar da ka biya daga aljihunka. A haɗa da samun matarka. Kuɗin hayar gidan da ka gina a Kano ko Damagaram yana ciki, domin Amurka tana lissafa samun mazauninta ko a ina ya fito. Kuɗin da kake aika wa iyaye, da na makarantar 'ya'yan ƙannenka, ba ya rage komai a wannan lissafi, duk da cewa ni da kai mun san nauyinsa. Miji da mata kuma sai sun cike haraji tare kafin su samu tallafi, in ban da 'yan yanayi na musamman.

Akwai rami a sama, akwai rami a ƙasa. Na saman shi ne ninki huɗu na layin talauci, a 2026: dala 62,600 ga mutum ɗaya, 84,600 ga mutum biyu, 128,600 ga mutum huɗu. Ka haura da dala ɗaya, tallafin ya tafi gaba ɗaya. Ga matashi abin da sauƙi, amma a yawancin jihohi ana iya cajin ɗan shekara 64 ninki uku na ɗan shekara 21. Ɗauki Alhaji da Hajiya masu kantin kayan abincin gida, kowannensu shekara 60, samunsu bayan cire abubuwan da na ambata dala 84,000. Nasu kason wajen 700 ne a wata. Idan muka ɗauka Azurfar ma'auni tasu 2,300 ce, tallafinsu ya kai 1,600 a wata, fiye da dala 19,000 a shekara. Kasuwar azumi ta yi kyau, samu ya kai 85,000, shi ke nan sun fita. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne daga harajin shekarar 2026 an cire iyakar abin da ake mayarwa. A da, mai matsakaicin samu da ya karɓi tallafi fiye da haƙƙinsa akwai adadin da ba za a wuce ba wajen karɓa daga gare shi. Yanzu duk abin da ya wuce sai an mayar, a kan fom 8962, lokacin cike haraji. Ga irin su Alhaji, Tagulla da HSA ba zaɓin araha kaɗai ba ce, garkuwa ce, domin ana iya zuba kuɗin shekarar da ta wuce har zuwa tsakiyar Afrilu, bayan an ga ainihin riba, a dawo ƙarƙashin layi ta hanyar da doka ta yarda.

Ramin ƙasa ya fi kama direbobi. Jihohi 40 da birnin Washinton sun faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ta yadda babban da samunsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na layin talauci ba zai shiga kusan kyauta. Jihohi goma ba su yi ba, ciki har da Jojiya, Teksas da Fulorida. A irin waɗannan, wanda ya faɗo ƙasa da layin talauci ba shi da tallafin kasuwa, kuma galibi ba shi da Medicaid, sai dai a Jojiya akwai ƙaramin shirin Pathways mai sharaɗin aikin awa 80 a wata. Direban Uber da ya tara dala 58,000, ya yi tafiyar mil 40,000, a farashin santi 70 kowane mil na 2025 zai cire 28,000. Abin da ya rage bai kai layin gida mai mutum huɗu ba. Yana murnar ya rage haraji, bai san ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago ba. Ba ina cewa a ƙirƙiri ribar da babu ita ba, ko a ɓoye ɗawainiyar da aka yi. Ina cewa mutum ya san inda ya tsaya tun tsakiyar shekara, idan ƙarin aikin mako biyu ne zai haye da shi, ya yi. Kuma duk lokacin da kasuwa ta canza, sama ko ƙasa, a shiga shafin a gyara lambar. Ni ina yin haka duk wata uku, ranar da nake biyan harajin kwata.

Sai kuma abin da ya sa na dage a kan zama bayan gari. Farashi da kamfanonin da za ka gani suna bin gundumarka ne, ba babban birnin da kake ambata idan an tambaye ka inda kake zaune ba. Kowane tsari yana da jerin likitoci da asibitocin da ya yi yarjejeniya da su. Nau'in HMO yana so ka bi ta likitanka na farko kafin ka ga ƙwararre, kuma ba ya biyan wanda ke wajen jeri sai a gaggawa. EPO galibi ba ya neman takardar turawa, amma shi ma ba ya fita jeri. PPO yana biyan wani abu a waje, sai dai ya yi ƙaranci a kasuwar kuma yana da tsada. Akwai kuma irin Kaiser Permanente, inda likita, ɗakin gwaji da kantin magani duk na gida ɗaya ne: yana da daɗi ga wanda cibiyarsu ke kusa da shi, yana da wahala ga wanda sai ya yi tafiyar awa guda.

Shekarar farko da na bar aikin kamfani na yi cinikin biri a sama. Na ɗauki mafi araha ban duba jeri ba. 'Yata ta biyu tana da sikila. Wani dare cikin sanyi zazzaɓi ya rufe ta, tana riƙe da ƙafarta tana kuka ƙasa-ƙasa don kada ta tashi ƙanwarta. Mahaifiyarta ta naɗe ta a bargo, muka nufi asibitin da ya fi kusa, kuma an karɓe mu, domin gaggawa ba ta tambayar jeri. Matsalar ta zo bayan sallama. Likitar jinin da ta san ta tun tana jaririya, a asibitin yara na cikin birni, ba ta cikin jerin kamfanina. Mai karɓar baƙi ta juya katin gaba da baya, ta miƙo mini a hankali. Wata goma na yi ina biyan kowace ziyara da kowane gwajin jini daga aljihu, kuma ko sisi bai shiga lissafin rufin shekara ba, tun da a wajen jeri aka kashe shi. Araha ba ta ado, na ji ta tun ina yaro, amma a bakin waccan taga na san ma'anarta.

Tun daga nan ba na yarda da jerin da ke shafin kamfani shi kaɗai. Ina kiran ofishin likita in karanta musu cikakken sunan tsarin, ba sunan kamfani kawai ba, domin kamfani ɗaya na iya samun jeri uku, likita yana cikin ɗaya ba ya cikin biyu. Haka nake buga sunan kowane magani in ga matakin da aka sa shi. Na kuma gano cewa ba dole ba ne iyali duka su shiga tsari ɗaya. Yanzu 'yata tana Zinariya mai likitarta a ciki, kuma tun da farashin yaro ƙarami ne, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ni da mahaifiyarta muna Tagulla da HSA. Illarsa ita ce kowane tsari da nasa rufin, ba a haɗa su.

Masu tirela su ƙara lura: idan ciwo ya same ka a Tenesi ko Ohayo, gaggawa kawai HMO ɗinka zai biya, sauran sai ka dawo gida. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2022 ta hana a yi maka lissafin ba-zata a ɗakin gaggawa, amma ba ta haɗa da motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa ba. Tafiya gida ko aikin Hajji kuwa, yawancin waɗannan tsare-tsare ba sa bin ka ƙetare, sai ka nemi inshorar tafiya daban.

Za a kira ka a waya, ko ka ga talla a Facebook, ana cewa inshora dala tamanin ba tare da tambayar samu ba. Galibi na gajeren zango ne, ko ƙungiyoyin raba kuɗin jinya waɗanda su da kansu suke rubuta cewa su ba inshora ba ne. Irin waɗannan suna iya ƙin biyan ciwon da ka zo da shi, sau da yawa babu haihuwa a ciki, kuma tallafin gwamnati ba ya hawa kansu. Adashi da gudummawar masallaci da muke yi wa juna alheri ne babba, na ci moriyarsu, amma kwana biyar a ɗakin kulawa ta musamman ya fi ƙarfin tiren da ake zagayawa da shi ranar Juma'a. Dillali na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannunka, kamfani ke biyansa, don haka ka tambaye shi ko yana nuna maka duk kamfanonin gundumarka ne ko waɗanda yake hulɗa da su kawai. Kada kuma ka ba wanda ba ka sani ba lambar soshiyal ɗinka, wato lambar shaidarka ta gwamnatin Amurka, ta waya.

Takardun zama su ma sun shigo ciki. Ɗan ƙasa da mai girin kad, wato katin zama na dindindin, suna samun tallafi. Daga 2026, baƙon da ke zaune bisa doka amma samunsa bai kai layin talauci ba, wanda a da ake ba shi tallafi yayin da yake jiran cikar shekara biyar ta shiga Medicaid, ya rasa wannan dama. Daga 2027 kuma dokar nan ta Yulin 2025 ta taƙaita tallafin ga masu girin kad da wasu 'yan rukunai, ta fitar da 'yan gudun hijira da masu mafaka waɗanda ba su karɓi katin ba tukuna. Wanda ke wannan hali ya gaggauta gyara takardunsa. Yaron da aka haifa a nan kuwa haƙƙinsa yana nan, ko wane irin takarda iyayensa ke riƙe da ita. Idan matarka tana aikin da ke ba da inshorar iyali a farashin da doka ta ɗauka mai sauƙi, tallafin kasuwa ba zai hau kanku ba, sai a duba wannan tun kafin a fara cike fom.

Ana buɗe rajista ranar 1 ga Nuwamba a yawancin jihohi, kuma wanda yake so inshorarsa ta fara 1 ga Janairu ya gama kafin 15 ga Disamba ta wuce. Bayan an rufe, sai mai dalili irin haihuwa, aure, ƙaura ko rasa wata inshorar, shi ma kwana 60 yake da su. Kada ka bar shafin ya sabunta maka na bara da kansa, domin Azurfar ma'auni tana canza hannu, tallafi ya motsa, likita ya fita daga jeri ba a sanar da kai ba.

Maƙwabcina ya ɗauki Azurfa mai kashi 87, bayan mun kira asibitin da matarsa take so ta haihu mun tabbatar yana ciki. Da zai tashi na riƙe shi, domin rajista ba ta zama inshora sai an biya kuɗin watan farko. Ya ce zai biya idan ya dawo daga Dalas. Na ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Ciro katin yanzu." Ya zauna ya biya, muka sa a riƙa cira kai tsaye daga asusunsa duk wata, saboda yana shirin zuwa Maraɗi ya yi wata biyu bayan ƙaramar salla, kuma mai tallafi da ya yi wata uku bai biya ba ana yanke shi har ƙarshen shekara.